Yadda ake riƙon kuɗin gidauniyar kwaleji da yadda ake nemo su

A shekarar 1961 Charles Robertson da matarsa Marie suka bai wa Jami'ar Princeton ta Amurka dala miliyan 35 domin a horar da matasan da za su yi wa gwamnatin ƙasar aiki, musamman a ɓangaren hulɗa da ƙasashen waje. Bayan shekara 41, wato a 2002, 'ya'yansu suka maka jami'ar a kotu, suna cewa an karkatar da dukiyar iyayensu zuwa abin da ba shi aka yi alƙawari ba. Jami'ar ta musanta. Aka shafe shekara shida ana ja, sai a ƙarshen 2008 aka sasanta: za a fitar da dala miliyan 50 a kafa wata sabuwar gidauniya, a kuma biya kimanin miliyan 40 na kuɗin lauyoyi.

Na fara da wannan shari'a ne saboda ta nuna ainihin abin da ke cikin asusun gidauniyar kwaleji. Wanda ya duba takardar banki zai ga adadi ɗaya. Wanda ya san aikin zai ga alƙawura da yawa da aka ɗaukar wa mutane daban-daban, wasu suna raye, wasu sun daɗe da rasuwa. Shi ya sa a wannan jagora neman kuɗi ya zo daga baya. Gidauniyar da ba ta iya faɗin inda kyautar bara ta tafi ba, ba ta shirya roƙon ta bana ba.

Mataki na farko: a san wace ce gidauniya, wace ce kwaleji

Gidauniya hukuma ce mai zaman kanta, da rajistarta, da kwamitin amintattunta, da asusunta na banki. Kwaleji ke koyarwa, gidauniya ke karɓar kyauta ta adana, ta juya, ta miƙa wa kwalejin idan lokaci ya yi. Dalilin rabuwar ya fi fitowa fili a makarantun gwamnati: mai bayarwa ba ya son kuɗinsa su faɗa baitulmali su gauraya da na albashi da kwangila. Wannan tunani ne ya sa aka kafa gidauniyar Jami'ar Kansas tun 1891, kuma daga baya makarantun gwamnati da dama a Amurka suka bi sahu.

A yi rajista bisa dokar ƙasar da ake ciki, a kuma san abin da rajistar ta ɗora. A Amurka, alal misali, gidauniyar da aka yafe wa haraji tana cike fom mai lamba 990 duk shekara, kowa kuma na iya karantawa ya ga kuɗin shiga da albashin manyan ma'aikata. A Ingila akwai hukuma ta musamman mai sa ido kan ƙungiyoyin agaji, ita ma tana wallafa bayanan da aka miƙa mata.

Sai a rubuta yarjejeniya tsakanin kwaleji da gidauniya, tun ana ɗasawa. Wa ke biyan ma'aikatan gidauniya? Wa ya mallaki kundin sunayen tsofaffin ɗalibai? Wa ke cewa wannan ne aikin da za a nema wa kuɗi bana? Ta wace hanya kuɗi ke fita daga gidauniya zuwa kwaleji, kuma da wace shaida? Ra'ayina shi ne kwaleji ta faɗi buƙatunta, gidauniya ta riƙe mabuɗin asusu. Shugaban kwaleji ya zauna a taron amintattu ya yi bayani, amma kada ya zama shi ne shugaban kwamiti, kada kuma ya zama mai sa hannu a ceki. Shugabanni suna zuwa suna wucewa, kowanne da aikin da ke gaban zuciyarsa, asusun kuwa zai fi su daɗewa.

Mataki na biyu: a raba kuɗin gida uku

Duk abin da ya shigo, kafin a yi murna, a tambaya: wane iri ne?

Akwai kuɗin da ba sharaɗi a kansu. Mai su ya ce ga shi, a yi abin da ya dace. Su ne mafi ƙaranci, su ne kuma mafi amfani, domin da su ake toshe ɓarakar da ba wanda ya hango. Akwai kuɗin da aka ƙayyade wa aiki ko lokaci: na gina ɗakin gwaje-gwaje, na tallafin ɗaliban jinya, na sayen littattafai cikin shekara uku. Za a kashe su ƙurmus, amma a kan abin da aka faɗa kawai. Sannan akwai asusun dindindin, wanda uwar kuɗin ba ta taɓuwa, abin da ta haifa ake ci. Wannan shi ne wakafi a ma'anarsa ta asali, kuma ba sabon abu ba ne a tarihin ilimi: dukiyar wakafi ce ta riƙe Ƙairawiyyin ta birnin Fas da Azhar ta Alƙahira ɗaruruwan shekaru.

Akwai wani na huɗu da ke rikitar da mutane. Wani lokaci amintattu da kansu kan ware kuɗin da ba sharaɗi a kansu su ce a riƙe su tamkar wakafi. Wannan shawararsu ce, gobe suna iya warware ta. Wanda mai bayarwa ya ɗaure kuwa, amintattu ba su da ikon kwance shi. A rubuta bambancin a littafi ƙarara, don kada bayan shekara goma sabon ma'aji ya ɗauki wannan a matsayin wancan.

Kowace kyauta mai sharaɗi a ba ta lambarta da shafinta. Ba sai an buɗe mata asusun banki dabam ba. Ana iya haɗa dukkan kuɗin wakafi a tukunya ɗaya a zuba jari, muddin kowane asusu yana da rabonsa a lissafe, kamar masu hannun jari a kamfani ɗaya. Idan tukunyar ta ƙaru da kashi 6 cikin 100, kowa ya ƙaru da kashi 6. Idan ta ragu, kowa ya ragu.

Jarabawar da ta fi kayar da ƙananan gidauniyoyi ita ce ta rance daga cikin gida. Wata ya ƙare, albashi ya tsaya, ga kuɗin ginin ɗakin karatu a ajiye ba a fara aiki ba tukuna. Sai a ce a ɗan ara, za a mayar. Kada a fara. Ran da aka ara na farko, littafin ya daina faɗin gaskiya, kuma aro na biyu ya fi na farko sauƙi.

Mataki na uku: a rubuta ƙa'idar karɓar kyauta kafin mai kyauta ya iso

Ba kowace kyauta ake karɓa ba. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. A 2009 Makarantar Nazarin Tattalin Arziki ta Landan, wadda aka fi sani da LSE, ta amince da alƙawarin fam miliyan 1.5 daga wata gidauniya da Saiful Islam Gaddafi, ɗan shugaban Libiya na lokacin, ke jagoranta. Da rikicin Libiya ya ɓarke a 2011, maganar ta zama abin kunya, har shugaban makarantar, Howard Davies, ya ajiye aiki. A 2019 Jami'ar Tufts ta cire sunan iyalin Sackler, masu wani kamfanin haɗa magunguna, daga gine-ginenta saboda alaƙarsu da annobar shan magungunan kashe raɗaɗi. A wani gefen kuma, wani attajiri mai suna Lee Bass ya bai wa Jami'ar Yale dala miliyan 20 a 1991 don wani tsarin karatu, da aka kasa daidaitawa kan yadda za a gudanar da shi da kuma neman da ya yi na a ji ta bakinsa wajen zaɓen malamai, jami'ar ta mayar masa da kuɗinsa a 1995.

Ƙa'idar ta faɗi daga wane adadi ne sai an binciki asalin dukiya, da wanda zai yi binciken, da wanda ke da ikon cewa a'a. Kada ya zama ma'aikacin da ya nemo kyautar shi ne zai yanke hukunci a kanta, domin zuciyarsa ta riga ta karkata. Ta kuma yi bayani kan kyautar da ba tsabar kuɗi ba. Fili ko gida na iya zuwa da rikicin gado, ko bashin haraji, ko gyaran da ya fi darajarsa tsada. Hannun jari galibi an fi so a sayar da shi da zarar ya shigo, kada gidauniya ta koma mai hasashen kasuwa. Tsofaffin na'urori da littattafan da ba mai karantawa, a yi godiya da ladabi a ƙi.

Duk kyauta mai nauyi a rubuta mata yarjejeniya, ko da shafi biyu ne. A ciki a sa adadin, da lokutan biya, da manufar kuɗin cikin kalmomin da ba su da harshen damo, da irin rahoton da za a riƙa aika wa mai bayarwa. Idan za a sa sunansa a gini, a faɗi tsawon lokacin da sunan zai zauna da halin da zai sa a cire shi. Idan tallafin karatu ne, yana da damar faɗin irin ɗalibin da yake so, kamar mai karatun injiniya ko wanda iyayensa ba su da hali, amma kwamitin kwaleji ne zai zaɓi mutumin. In ba haka ba, ya zama yana biya wa ɗan uwansa makaranta ne ta hannun gidauniya.

Sakin layi ɗaya ne nake roƙon kada a manta da shi: abin da za a yi idan manufar ta daina yiwuwa. Sashen karatu na iya rufewa, sana'a na iya gushewa. A rubuta cewa idan hakan ta faru, amintattu za su tuntuɓi mai bayarwa in yana raye, in ba ya nan su karkatar da kuɗin ga manufar da ta fi kusa da nufinsa. Rashin waɗannan layuka uku kan sa kuɗi su yi shekaru a kulle, ko a ƙare a gaban alƙali.

Mataki na huɗu: hannu ɗaya kada ya riƙe komai

Wanda ya karɓi kuɗi dabam, wanda ya shigar a littafi dabam, wanda zai gwada littafin da takardar banki a ƙarshen wata shi ma dabam. Fitar da kuɗi sai da sa hannun mutum biyu. Ko ma'aikata biyu kacal gare ku, ɗaya daga cikin amintattu zai iya riƙa karɓar takardar banki kai tsaye yana dubawa. Wannan tsari yana kare mai gaskiya ne kafin ya kama maras gaskiya, domin ran da aka yi zargi, yana da shaida.

A ba da rasit kan kowace gudummawa cikin kwana biyu ko uku. A wasu ƙasashe rasit ɗin kuɗi ne a kansa: a Amurka mai bayarwa ba zai samu rangwamen haraji kan kyautar dala 250 zuwa sama ba sai da rubutacciyar shaida daga gidauniya, a Birtaniya kuma gidauniya na karɓo ƙarin kashi 25 cikin 100 daga hukumar haraji kan kyautar mai biyan haraji idan ya ba da amincewarsa. A kuma bambanta alƙawari da kuɗin da suka shigo. Alƙawarin da ba a rubuce yake ba kada ya shiga lissafi, wanda ke rubuce ma kada a fara gini a kansa sai kaso mai tsoka ya iso. Duk shekara a kawo mai binciken kuɗi daga waje, ya miƙa rahotonsa ga amintattu, a ba shi damar ganawa da su ba tare da ma'aikata a ɗakin ba.

Mataki na biyar: juya wakafi da sanin nawa za a ci

Nan ne aikin ya fi zurfi, kuma nan ne kuskure ke ɓuya shekaru kafin ya bayyana.

Asusun dindindin yana da iyayengiji biyu: ɗalibin da ke aji yau da wanda ba a haifa ba tukuna. Idan aka ci da yawa, an zalunci na gobe. Idan aka ƙi ci, an zalunci na yau, an kuma saɓa wa mai bayarwa, wanda bai kawo kuɗinsa don a zuba musu ido ba. Yawancin gidauniyoyin makarantu a Amurka da Birtaniya suna tsayawa a wajen kashi 4 zuwa 5 cikin 100 na darajar asusun a shekara. Wannan adadi ba wahayi ba ne, lissafi ne. A ce kuna son cin kashi 4, farashin kaya na tashi da kashi 3, kuɗin gudanarwa da na masu juya jari kashi 1. To sai jarin ya riƙa kawo kashi 8 a matsakaici kafin asusun ya tsaya inda yake a ƙarfin saye. Idan kuwa a ƙasarku farashi na tashi da kashi 15, ribar kashi 12 da banki ke ba ku asara ce sanye da rigar riba, kuma cin kashi 5 a kanta cin uwar kuɗi ne, ko da lambar da ke takarda tana ƙaruwa. Kowace gidauniya ta yi wannan lissafi da alƙaluman ƙasarta.

Lissafin nan ne kuma za a nuna wa mai son kafa tallafin karatu da sunan mahaifiyarsa. Idan yana so a riƙa ba da miliyan 1 duk shekara har abada, kuma kuna cin kashi 4, sai ya kawo miliyan 25. Gara ya ji wannan tun farko.

Abu na biyu shi ne kada a lissafa abin da za a ci da darajar rana ɗaya. Kasuwa na hawa tana sauka, kuɗin makarantar ɗalibi kuwa ba ya jira. A ce asusu ya kai miliyan 100 a shekarar farko, 120 a ta biyu, ya faɗo 80 a ta uku. Idan ana cin kashi 4, mai bin darajar ƙarshen shekara zai raba miliyan 4.8, shekara mai zuwa ya raba 3.2, wato ɗalibi ɗaya cikin uku ya rasa tallafi a tsakiyar karatu. Mai ɗaukar matsakaicin shekaru ukun zai samu 100, ya raba miliyan 4. Shi ya sa aka fi amfani da matsakaicin shekara uku. Jami'ar Yale ta ƙara lallausa nata tsarin: kashi 80 cikin 100 na abin da za a kashe bana ana ɗauko shi ne daga abin da aka kashe bara, kashi 20 kacal ke bin darajar kasuwa, sannan a yi gyara don tashin farashi. Amfanin irin wannan ya fito a shekarar kuɗi da ta ƙare a watan Yunin 2009, lokacin da jarin Jami'ar Harvard ya faɗi da kimanin kashi 27 cikin 100, na Yale kusan kashi 25. Duk da haka sai da suka dakatar da gine-gine suka rage ma'aikata.

A irin wannan shekara wani asusun kan faɗi ƙasa da adadin da mai shi ya kawo tun asali. A yanke shawara tun yanzu kan abin da za a yi: a dakatar da ci, ko a rage, ko a ci gaba da taka-tsantsan. A Amurka wata doka ta bai-ɗaya da aka tsara a 2006, wadda kusan duk jihohi suka ɗauka, ta ba amintattu damar ci gaba da kashewa idan sun auna lamarin da hankali. A wata ƙasar ba haka ba ne, don haka a tambayi lauya.

Game da inda za a zuba kuɗin, shawarata ga ƙaramar gidauniya ita ce kada ta kwaikwayi manya. David Swensen, wanda ya juya asusun Yale daga 1985 har rasuwarsa a 2021, ya yi suna ne da zuba kuɗi a kadarorin da ba a sayarwa da wuri, kamar dazuzzukan katako da kamfanonin da ba sa kasuwar hannun jari. Yana da ƙwararrun ma'aikata da ƙofofin da ba kowa ake buɗe wa ba, kuma shi kansa ya gargaɗi waɗanda ba su da irin wannan ƙarfi su tsaya kan jari mai sauƙi, mai arha, wanda aka rarraba. A rubuta manufar zuba jari: kashi nawa a hannun jari, kashi nawa a takardun lamuni, kashi nawa a ajiye yadda za a iya ɗauka gobe, da irin harkokin da gidauniya ko masu ba ta kuɗi ba su yarda a shiga ba. Kuɗin da za a kashe cikin shekara ɗaya ko biyu kada su je kasuwar hannun jari ko kaɗan.

Kada kuma a ba ɗan kwamiti kuɗin gidauniya ya juya. Jami'ar Yeshiva ta New York tana cikin waɗanda damfarar Bernard Madoff, wani mai juya wa mutane jari, ta rutsa da su a 2008, kuma kuɗinta sun isa wurinsa ne ta asusun mutumin da ke shugabantar kwamitin zuba jarinta. Idan mai juyawa abokin zama ne, kunya kan hana a yi masa tambayar da za a yi wa baƙo. Kowane amintacce ya rubuta harkokinsa na kasuwanci duk shekara, ya kuma fita daga ɗaki idan ana maganar da ta shafe shi.

Mataki na shida: wa ke ciyar da gidauniyar kanta?

Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Akanta, da manhajar adana bayanai, da tafiye-tafiye, da mai bincike, duk kuɗi ne. Hanyoyin da aka saba su ne tallafi daga kwaleji, da ɗan kaso da ake cira daga wakafi duk shekara, galibi wajen kashi 1 cikin 100, da wani kaso da ake cira sau ɗaya daga sabuwar kyauta. Duk wanda aka zaɓa, a rubuta shi cikin yarjejeniya mai bayarwa ya gani. Mutum na yafe kaso da aka faɗa masa, ba ya yafe wanda ya gano da kansa. Ma'aikacin neman gudummawa kuma a biya shi albashi, kada a ba shi kamasho. Manyan ƙungiyoyin masu wannan sana'a sun haramta wa mambobinsu karɓar kaso daga abin da suka tara, saboda mai jiran kamasho zai matsa wa tsoho ya ba da kaɗan yau maimakon ya bar shi ya shirya babbar wasiyya.

Mataki na bakwai: yanzu a fita nema

A fara da amsa tambayar da kowane mai kuɗi zai yi a ransa: me zai canza idan na bayar? "Kwaleji na buƙatar taimako" ba amsa ba ce. "Ɗalibai 40 sun bar karatu bara a shekarar ƙarshe saboda ragowar kuɗin zango ɗaya, ga abin da zai hana hakan bana" amsa ce, muddin adadin na gaskiya ne daga ofishin rajista. A rubuta wannan bayani a shafi ɗaya, shugaban kwaleji da amintattu duk su iya faɗinsa ba da takarda ba. Amintattun kuma su fara bayarwa, kowa gwargwadon ƙarfinsa. Da wuya ka roƙi baƙo abin da kai na gida ba ka yi ba.

Sai kundin sunaye: tsofaffin ɗalibai, iyaye, malaman da suka yi ritaya, kamfanonin da ke ɗaukar ɗalibanku aiki. A nemi izininsu kafin a riƙa aika musu saƙo, a kiyaye bayanansu, kada a sayar ko a ba wani. Daga wannan kundi ake yin kiran shekara-shekara na ƙananan gudummawa. Kuɗin da yake kawowa ba su da yawa idan aka cire abin da aka kashe, amma shi ne ke nuna su wa ke tare da ku. Wanda ya ba da kaɗan shekara bakwai a jere ya fi attajirin da bai taɓa amsa wasiƙa ba cancantar a kai masa ziyara.

Manyan kuɗi daga mutane ƙalilan suke fitowa, kuma ba a taron dare ɗaya ba. A watan Fabrairun 2024 Ruth Gottesman ta bai wa Kwalejin Likitanci ta Albert Einstein da ke New York dala biliyan 1 don ɗalibai su daina biyan kuɗin makaranta. Ba baƙuwa ba ce: ta shafe fiye da shekara 50 tare da kwalejin, ta koyar a can, ita ce kuma shugabar amintattunta a lokacin. Aikin neman babbar kyauta ke nan a taƙaice. A gano wanda ke da hali kuma zuciyarsa na wurin, a ziyarce shi ba tare da roƙo ba, a saurari abin da ya dame shi, a gayyato shi ya ga aji da ɗakin gwaje-gwaje da idonsa, gani ya kori ji. Ana iya shekara ɗaya ko biyu a haka. Ran da za a roƙa, mutum biyu su je, ɗaya wanda yake jin nauyinsa. A ambaci adadi takamaimai da aikin da za a yi da shi, sannan a yi shiru a bar shi ya yi magana. Yawancin masu roƙo a nan suke ɓata lamari, shirun ya yi musu nauyi sai su fara rage adadin da bakinsu.

Idan babban gangami za a yi, a zana jadawalin kyaututtuka kafin a sanar da komai. A ce ana neman miliyan 100. Za a so mutum ɗaya ya ba da 15, mutum biyu su ba da 10 kowanne, mutum huɗu 5 kowanne, mutum goma 2 kowanne. Mutum 17 ke nan da miliyan 75, sauran 25 daga ɗaruruwan jama'a. Tunda ba duk wanda aka roƙa ke amsawa ba, ana buƙatar sunaye uku ko huɗu a kan kowace kyauta, wato mutum 50 zuwa 70 da aka san su da gaske. Idan ba ku da wanda zai iya ba da 15 ɗin farko, a rage burin. A kuma tara kusan rabin kuɗin a asirce kafin ranar ƙaddamarwa, domin jama'a sun fi son ƙarasa abin da suka ga ya kama hanya.

Kada a manta da wasiyya. Harvard ta samu sunanta ne daga wani matashin malamin coci, John Harvard, wanda ya rasu a 1638 ya bar mata rabin dukiyarsa da littattafai kimanin 400. Maganar tana buƙatar ladabi da haƙuri, kuma lauyan mai dukiyar ne zai rubuta, bisa dokar gado da ta shafe shi, ba ma'aikacin gidauniya ba.

Mataki na takwas: godiya, kashewa, da ba da bahasi

Rasit dabam, godiya dabam. A kira mutum a waya, ko shugaban kwaleji ya rubuta masa da hannunsa. Bayan nan sai abin da aka fi sakaci da shi: a tabbatar an kashe kuɗin. Sau da yawa tallafin karatu kan kwana shekara biyu ba a bayar ba saboda sashen da abin ya shafa bai ma san da shi ba. Duk farkon shekarar karatu, gidauniya ta aika wa kowane shugaban sashe jerin asusun da ke ƙarƙashinsa, da adadin da zai iya kashewa, da sharaɗin kowanne. A tsakiyar shekara a duba wanda bai motsa ba a tambayi dalili. Idan sashe ya nemi a biya, ya kawo shaidar cewa abin da aka saya ya dace da sharaɗin, wani a gidauniya ya buɗe yarjejeniyar ya gwada kafin a saki kuɗi.

Duk mai asusun dindindin, ko magajinsa, a aika masa takarda sau ɗaya a shekara. Ta nuna darajar asusun a farkon shekara, da abin da ya ƙaru ko ya ragu, da kason gudanarwa da aka cira, da abin da aka kashe, da darajarsa a ƙarshe. A haɗa da 'yan layuka daga ɗalibin da ya amfana, idan ya yarda a ambace shi. Shekarar da jari ya faɗi, ko aka kasa samun ɗalibin da ya cika sharaɗi, ita ma a aika takardar a kan lokaci, a kuma riga ta da kiran waya a yi bayani da baki, a tambaye shi ko yana so a sassauta sharaɗin, in ya amince a rubuta gyaran a sa hannu a haɗa da yarjejeniyar farko.